Mai Jiran Abin da Ke Faɗowa

Ƙarfe biyun dare, gidan kallon Sallau.
'Yan ƙwallon Turai sun watse,
sun bar ɓawon gyaɗa da zafin gardama.
Mu huɗu muka rage, sai janareto mai tari.
Sallau ya murɗa tasha, ya faɗa wasan Amurka,
wanda ake wa sulke kamar za a fita yaƙi,
ƙwallon ma gwanda ce aka ɗinke da zare.

Barau tela ya nuna wani can ƙarshen fili,
shi kaɗai, ɗan tsurut, hannuwa a buɗe.
Ya ce, wannan na mene ne ake biyansa?
Sau huɗu ya shigo tun ɗazu:
biyu ya ɗaga hannu yana neman afuwa,
ɗaya ya durƙusa kamar mai gaida surukai.
Ko ni, in ji Barau, zan iya.

Ban tanka ba.
Na dubi tafin hannuna.

Shekara tara ina cafe kankana
a gindin mota, kasuwar Sabon Gari.
Na sama ya jefo, ni in tare,
in miƙa baya, in sake ɗaga kai.
Mai kura na gogar ƙwaurina,
ɗan acaba na danna hon a ƙeyata,
ba ni da idon da zan ara musu,
idon aikin yana sama.
In na cafe dubu, ba mai ƙirgawa.
Ranar da ɗaya ta suɓuce, ta yi ja a kwalta,
ranar Alhaji Cindo ya tuna sunana,
har da na ubana,
ya zare kuɗinta daga ladan yini.

To ga wancan.
Ƙwallo ta tashi, ta daɗe a sama,
tana juyi kamar ba ta gama shawara ba.
Ƙarti goma sun taho a guje,
kowanne ya fi buhun masara nauyi.
Yana jin ƙasa na rawa ta tafin ƙafarsa
amma bai sauke ido ba.
Cikin numfashi guda zai yanke:
in tare in ruga, in ɗaga hannu,
ko in kauce in bar ta ta wuce.
Ba mai raɗa masa amsa.

Na ce, Barau, kai da ke ci da yadi
ka fi kowa sanin darajar yadi ashirin.
Mai zuwa Kano da ya tashi a Kwangila
ba ɗaya yake da na Ƙofar Gayan ba,
ko da motarsu uwa ɗaya uba ɗaya.
Wannan yaron ke zaɓa wa manya
inda za su fara tafiya.
In an ci, kamara ta bi mai jifa,
a rungume shi, a maimaita sunansa,
shi yana benci, tawul a ka,
yana murza haƙarƙari.

Barau ya yi hamma.
Ya ce, falsafar kankana ke nan.

Wajen ƙarfe huɗu aka sake bugowa.
Ya tare ta a ƙirji, kamar jaririn da aka miƙo.
Ya yi dama, ya fasa,
wani ƙato ya rungumi iska.
Ƙofa ta buɗe, faɗinta bai kai kafaɗa ba,
ya shige.
Talatin. Arba'in. Tsakiyar fili.
Barau ya miƙe tsaye, hularsa a hannu,
yana cewa, gudu, yaro, gudu!

Sai janareto ya yi tarin ƙarshe.

Duhu. Sauro. Sallau na laluben jarka,
jarkar kuwa ba ko ɗigo.
Har yau ban san ko ya isa ba.

Da asuba motar Cindo ta iso,
na tsaya a gindinta, na buɗe hannuwa.
Na sama ya ce, ka shirya?
Na ɗaga kai.